Littafin 1977 da ke cikin memorinka, da yadda ya kusa cinye min bidiyon Baba

1/
Ranar da autanmu ya goge foldar da ke ɗauke da bidiyon mahaifinmu na ƙarshe don ya samu wajen zuba fina-finai, ranar na fara neman sanin me ke faruwa a cikin memori idan an danna "goge". Binciken ya kai ni har 1977. Zaren yana da tsawo, ku gyara zama. 🧵

2/
Baba ya yi wata biyar da rasuwa a lokacin. Bidiyon na ranar ƙaramar Sallah ne, yana zaune a zaure yana tsokanar jikokinsa. Minti huɗu da 'yan daƙiƙu. A memorin tsohuwar wayata kaɗai yake, ban tura shi ko'ina ba. Kullum zan tura, zan tura. Kun dai san halinmu.

3/
Yaron ya ari memorin, ya ga ya cika, ya share komai, ya nufi shagon masu tura fina-finai. Allah ya taimake ni kuɗin fim biyu kawai gare shi. Da na tambaye shi sai ya ce, "Yaya, wallahi na zaci tsofaffin tarkace ne." Na kasa magana. Na karɓi memorin na naɗe a takarda.

4/
Wani abokina mai gyaran kwamfuta ya ce min, "Kar ka ƙara sa komai a kai, ko hoto ɗaya. Kayan suna nan, sunansu kawai aka cire." Ban gane ba a lokacin. Don ku gane abin da yake nufi, sai mun fara leƙa cikin na'urar kanta.

5/
Ɗauki shagon tela. Telan shi ne furosesa, shi ke aikin. Teburin da yake shimfiɗa yadi a kai shi ne RAM: aiki a kansa akwai sauri, amma da wuta ta ɗauke an kwashe komai. Sito kuma, inda kaya ke kwana, shi ne ma'ajiya: faifan kwamfuta, filashi, ko memori.

6/
Shi ya sa idan aka ce waya 4/64 ce, 4 ɗin faɗin teburi ne, 64 ɗin girman sito. Mu duka "memori" muke ce musu, amma aikinsu daban. Wayar da ke nauyi idan ka buɗe manhajoji da yawa, teburinta ne ƙarami. Wadda ke kukan ba waje, sitonta ne ya cika.

7/
To ga inda zancen yake. Shi siton bai san wani abu wai shi hoto ko waƙa ba. Ƙananan ɗakuna ne jere masu lamba, miliyoyinsu. Dole a samu littafin da zai ce kayan wane suna ɗaki kaza. Wannan littafin da dokokin rubuta shi su ake kira tsarin fayil. Tarihinsa za mu bi.

8/
1956: kamfanin IBM ya fito da faifan ajiya na farko a kwamfutar RAMAC 305, a San Jose ta jihar Kalifoniya. Faya-fayai 50 a jere, kowanne faɗin inci 24, nauyin na'urar wajen tan guda. Abin da yake ɗauka: harafi miliyan 5. Waƙa ɗaya ta MP3 ta kusa cika shi.

9/
1971: IBM ta sake fitowa da fulofi, wani faifai mai laushi a cikin jaka, faɗin inci 8, yana ɗaukar kilobait 80. Daga baya ya ragu zuwa inci 5.25, sannan 3.5. Alamar nan mai kusurwa huɗu da kake dannawa in za ka yi sebin a Word, hoton fulofi ne. Yawancinku ba ku taɓa riƙe shi ba.

10/
1974: wani masani, Gary Kildall, ya rubuta CP/M, manhajar da ke tafiyar da ƙananan kwamfutoci masu fulofi. A cikinta sunan fayil ba ya wuce harafi 8, sai ɗigo, sai harafi 3. Ita ke kiran ramin fulofi na farko A, na biyu B. Ku riƙe waɗannan, za mu dawo kansu.

11/
1977: Microsoft ƙaramin kamfani ne a jihar New Mexico, shekararsa biyu. Ma'aikacinsu na farko mai albashi, Marc McDonald, tare da shawarwarin Bill Gates, ya tsara wata hanyar ajiye fayil a fulofi. Sunanta FAT, ma'ana jadawalin rabon ɗakuna ga fayiloli. Wannan shi ne kakan abin da ke cikin memorinka.

12/
Ga yadda yake aiki. Littafi biyu ne. Na farko jerin sunaye: sunan fayil, girmansa, da lambar ɗakin da ya fara. Na biyu shi ne jadawalin: kowane ɗaki yana da layi guda, a layin an rubuta ɗakin da za ka je na gaba, ko "nan ne ƙarshe", ko "ba kowa".

13/
Misali, bidiyo ya fara a ɗaki 20. Layin 20 ya ce je 21. Layin 21 ya ce je 57, don 22 zuwa 56 da kayan wasu a ciki. Layin 57 ya ce ƙarshe. Sarƙa ce. Fayil ɗaya zai iya warwatsuwa ko'ina a siton, muddin sarƙar na nan za a harhaɗo shi.

14/
1980: wani matashi, Tim Paterson, a kamfanin Seattle Computer Products, yana buƙatar manhajar da za ta tafiyar da kwamfutarsu mai furosesa Intel 8086. Ya rubuta tasa cikin 'yan watanni, ya sa mata QDOS, sunan da ke nufin aikin gaggawa na a-yi-a-gama. Ya ɗauki FAT ya faɗaɗa shi zuwa bit 12.

15/
A daidai lokacin IBM na neman irin wannan manhaja don sabuwar kwamfutarta. Microsoft ba ta da ita. Sai ta je ta sayi ta Paterson, ta biya dala 50,000 a Yulin 1981 ta mallake ta. Ranar 12 ga Agusta 1981 IBM PC ta fito da ita. Aikin a-yi-a-gama ya zama MS-DOS.

16/
DOS ta farko ko folda babu, duk fayiloli a tsakar gida ɗaya, fulofin kilobait 160 ne. Sai 1983 aka kawo folda cikin folda, dabarar da Unix ta daɗe da ita, saboda IBM XT ta zo da faifai mai megabait 10. Da yake A da B na fulofi ne, sai faifan ya samu C.

17/
Eh, dalilin kenan da har yau kwamfutarka ke farawa daga C, alhali ba A ba B. Kuma in ka taɓa ganin fayil ɗauke da kwanan wata 1 ga Janairu 1980, ba aljanu ba ne. Kalandar FAT daga ranar ta fara ƙirga. In agogon na'ura ya rikice, can take komawa.

18/
Yanzu maganar abokina. Idan ka goge fayil a FAT, abu biyu kawai ake yi. A jerin sunaye, a cire harafin farko na sunan a sa wata alama, E5. A jadawali kuma, a mayar da layukan sarƙarsa "ba kowa". Shi kenan. Ba wanda ya shiga ɗakunan. Kayan na nan har sai an zuba sabo a kai.

19/
Me ya sa E5? Sabbin fulofi masu inci 8 na tsarin IBM suna zuwa ne cike da wannan alamar. CP/M ta ɗauki duk layin da ya fara da E5 a matsayin fanko, don sabon fulofi ya zama a shirye. DOS ta gada. Wato alamar fulofin shekarun 1970 ce aka buga a kan sunan bidiyon Baba.

20/
Mutane sun gano wannan tun da wuri. A 1982 Peter Norton ya fara sayar da manhajar da ke dawo da abin da aka goge, kuma da ita ya yi suna. A 1991 MS-DOS 5 ta zo da irinta. Tambaya ɗaya take maka: mene ne harafin farko na sunan? Don shi kaɗai ya ɓace daga sunan.

21/
Faifai na ta girma, littafin na ta ƙara shafi. FAT mai bit 12 ɗakuna wajen 4,000 yake iya ƙirgawa. A 1984 aka kawo FAT16, wajen 65,000, wanda daga baya ya tsaya a giga 2. A 1995 Windows 95 ta ba da damar dogon suna har harafi 255, amma a ƙasa tana ɓoye gajeren, irin PROGRA~1.

22/
1996: FAT32. Ɗakuna sun koma miliyoyi. Amma gurbin da ake rubuta girman fayil a jerin sunaye bait 4 ne kawai, wato bit 32. Lamba mafi girma da zai ɗauka ita ce 4,294,967,295. Giga 4 ba bait ɗaya. Ko ɗaya ba ya ƙaruwa a kai.

23/
Shi ya sa za ka ga filashi mai giga 32, fanko tas, amma ka zo kwafar bidiyon biki mai giga 5 ya ce fayil ya yi girma. Sai a fara zagin mai shago ya sayar da jabu. Jabu akwai shi a kasuwa, ba musu, amma a nan ba laifinsa ba ne. Gurbin rubuta lambar ne ya gaza.

24/
Wani abin dariya: shekara da shekaru Windows ba ta yarda ka yi fomat na FAT32 sama da giga 32. Tsohon injiniyan Microsoft, Dave Plummer, ya ce shi ya zaɓi lambar da ka, a matsayin abin wucin gadi, a shekarun 1990. Sai 2024 kamfanin ya fara ɗage ta a gwajin Windows 11.

25/
Ba wai ba a yi waɗanda suka fi FAT ba. NTFS ya zo da Windows NT a 1993. Linux na da ext tun 1992, ext4 a 2008. Apple ta koma APFS a 2017. NTFS da ext4 suna rubuta abin da za su yi a gefe kafin su yi, don in wuta ta ɗauke a san inda aka tsaya.

26/
To me ya hana FAT mutuwa? Sauƙinsa. Ƙaramar na'ura mai araha ma za ta iya karanta shi. Memori ɗaya zai fita daga waya ya shiga rediyon MP3, ya shiga na mota, ya shiga talabijin, kowa ya gane shi. Kamar Hausa a zango ne: ba yaren kowa ba ne, amma da ita ake ciniki.

27/
Ita kanta ma'ajiyar ta canza. Fujio Masuoka na Toshiba a Japan ya ƙirƙiro ma'ajiyar filashi a shekarun 1980, wadda ba faifai mai juyawa, kuma ba ta mantuwa in ba wuta. Katin SD ya fito a 1999 daga SanDisk, Panasonic da Toshiba. Ɗan ƙaramin na waya, microSD, a 2005. Sabon sito, tsohon littafi.

28/
Foldar DCIM da ke wayarka ma daga nan take. A 1998 masana'antun Japan suka amince da doka guda ta yadda kyamara za ta ajiye hoto, a kan FAT. Suna irin IMG_0001.JPG, ƙirga ka gani: harafi 8, ɗigo, harafi 3. Dokar zamanin Kildall ce ke bin mu har ɗakin hoto.

29/
Ƙa'idar masu katin SD ita ce: har zuwa giga 2 FAT16, har zuwa giga 32 FAT32, sama da haka exFAT, wanda Microsoft ta fitar a 2006 kuma ba shi da matsalar giga 4. Ba kyauta ba ne da. A 2009 ta kai TomTom kotu kan haƙƙin FAT. Sai 2019 ta buɗe exFAT ga Linux.

30/
Har duniyar Mars wannan littafin ya je, kuma ya yi ɓarna. A Janairun 2004, kwana 18 da sauka, motar binciken NASA mai suna Spirit ta daina magana yadda ya kamata. Sai kashe kanta take tana kunnawa, ba tsayawa. Ma'ajiyarta filashi ce mai tsarin fayil irin na DOS.

31/
Sanadi: fayiloli sun taru tun daga hanya, kuma waɗanda aka goge ma layinsu na nan a jerin sunaye. Duk lokacin da ta tashi sai ta ɗora jerin a RAM, tebur ya cika, ta faɗi. Injiniyoyi suka tashe ta ba filashin, suka share, suka yi fomat daga nan duniya. Ta yi aiki har 2010.

32/
Raunin FAT na yau da kullum kuma shi ne: in ka zare memori ana tsakiyar rubutu, ko batir ya mutu, littattafan biyu sai su saɓa. Jerin sunaye ya ce kaza, jadawali ya ce kaza. Nan waya ke cewa kati ya lalace, a yi fomat. Sau da yawa kayanka lafiya lau suke. Littafin ne ya yage. KAR ka danna.

33/
Mu koma kan memorina. Abokina ya sa shi a kwamfuta, ya fara kwafe hoton katin gaba ɗaya, ɗaki bayan ɗaki, a kan kwafin muka yi aiki. Ya yi amfani da PhotoRec, manhaja ce kyauta. Ba ta kula da littafin, ɗakunan take bi. Ta san duk hoton JPEG da FF D8 yake farawa.

34/
Hotuna suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya. Na sunan ɗan yayata, na gona, na Baba a kan darduma. Wasu lafiya, wasu rabi hoto rabi toka-toka. Waɗannan su ne fina-finan autanmu suka hau kansu. Ina zaune a benci ina kallon allo, wallahi hannuna rawa yake.

35/
Bidiyon ya fito amma ya ƙi buɗewa. Sai da abokina ya gyara shi da taimakon wani bidiyon da wayar ta taɓa ɗauka. Minti ɗaya da daƙiƙa 50 muka samu. Baba yana dariya, ya fara cewa wani jikansa, "Kai, zo nan in gaya maka..." sai hoton ya tsaya cak.

36/
Sauran fa? Kun tuna sarƙar nan? Katin ya daɗe ana sawa ana gogewa, don haka bidiyon a warwatse yake. Da aka goge, sarƙar ta tafi. Mun samu farkon don a jere yake. Ragowar ko yana wani ɗaki da ba mu gano ba, ko fim ya hau kansa. Ba na tuna me Baba ya gaya wa yaron.

37/
Ɗaya gefen kuma, 'yan uwa mata musamman ku ji wannan. Abin da ya dawo min da Baba shi zai dawo wa wani da hotunanki. Kin goge, kin ba da aro ko kin sayar da waya da memori a ciki, hotunan na nan. Fomat na gaggawa ma littafin kawai yake sabuntawa.

38/
Ma'ajiyar cikin wayoyin zamani a kulle take da makullin sirri, tata dokar daban. Amma memorin da ake zarewa yawanci a buɗe yake. Za ki kai waya gyara? Zare shi tukun. Za ka sayar? Yi masa cikakken fomat a kwamfuta, ba na gaggawa ba, ko ka cika shi dam da tarkace. In abin mai nauyi ne, karya shi.

39/
In kuma kai ne ka goge bisa kuskure:
• zare katin nan take
• kar ka ɗauki hoto, kar ka tura komai a kai
• kar ka yi fomat ko waya ta nace
• abin da aka dawo da shi a ajiye a wani wajen, ba a kan katin ba
Kowane sabon fayil ɗakin wani yake ci.

40/
Autanmu har yau kunyata yake ji, na ce masa ya bari, ni ne na bar abu mai daraja a waje ɗaya. Minti ɗaya da daƙiƙa 50 ɗin yanzu suna waje huɗu, har da wayar Umma. In kana da muryar wani naka a memori ɗaya tak, tura ta wani wajen yau kafin ka kwanta.

41/
Allah ya jiƙan Baba da dukkan iyayenmu da suka riga mu, ya sa Aljanna ce makomarsu. Mai tambaya kan dawo da fayil ya ajiye a ƙasa, zan amsa gwargwadon abin da na sani. Ku tura wa wanda kuka san memorinsa kullum a shagon turi yake.